Sanda da takobi a Bauchi: Gadon da ba shi da makaranta, da yadda Japan ta yi da nata

Washegarin Sallah filin ƙofar fadar Sarkin Bauchi kan cika ya batse. Ranar Hawan Daushe ke nan. Hakimai na shigowa ɗaya bayan ɗaya da zugar mahayansu, takubba rataye a kafaɗa, dawaki sun sha ado. A gabansu kuma ga 'yan ƙasa, mafarauta da 'yan tauri, gangi na tashi, ana kirari, ana gurza wuƙa a ciki da wuya, jama'a na sowa. Garin da Malam Yakubu, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a 1809 bai manta cewa da doki da takobi aka tsayar da shi ba.

Sai dai da dare ya yi, a wasu lungunan bayan ganuwar, waɗannan kayan kan sauya suna. Adda da gora da barandami a hannun matashi ɗan shekara goma sha bakwai sara-suka ake ce musu, ƙannen 'yan kalare na Gombe da 'yan daba na Kano. 'Yan siyasa sun yi kiwonsu a lokutan zaɓe, ƙwaya ta ƙarasa sauran aikin. Duk gabatowar Sallah rundunonin 'yan sanda a jihohin Arewa kan fitar da gargaɗi kan yawo da makami, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Amma gargaɗin kan haɗa da dattijon da ya gaji takobin kakansa da yaron da ya saye adda jiya a kasuwa, domin babu wata takarda da ke bambanta su.

Japan ta taɓa tsayawa a wannan mararraba. A 1876 gwamnatin Sarki Meiji ta haramta wa samurai yawo da takobi, malaman yaƙi da yawa suka wayi gari ba sana'a. Rundunar 'yan sandan Tokyo na cikin waɗanda suka fara ɗaukar su aiki. Daga baya fasahar ta shiga makarantu da sunan kendo, wato tafarkin takobi, har gwamnatin soja ta mayar da ita hanyar cusa wa yara son yaƙi. Shi ya sa bayan faɗuwar ƙasar a 1945 dakarun mamaya ƙarƙashin Amurka suka dakatar da ita, ba ta dawo da ƙafarta ba sai 1952, lokacin da aka kafa Tarayyar Kendo ta Japan. Wannan ɓangare na tarihin masu yabon kendo kan tsallake shi, alhali shi ne ke nuna cewa horo kaɗai ba ya gyara hali. Ya danganta da wanda ke riƙe da makarantar.

Takobin kendo na yau da gora ake yin sa, tsagi huɗu a ɗaure da fata da tsirkiya. Gorar dai da sunanta ke tayar da hankali a unguwannin Bauchi. Ɗalibi kan sa kwalkwali mai ragar ƙarfe, da safar hannu mai kauri, da sulken ƙirji. Bugu ba ya zama maki sai murya da takobi da taku sun sauka lokaci guda a kan gurbin da aka halatta, sannan mai bugun ya ci gaba da zama cikin shiri. Wanda ya ci maki ya ɗaga hannu yana murna, alƙalai na iya soke makin nan take.

Amma wadda ta fi kusa da abin da Bahaushe da Bafulatani suka sani ita ce jodo, tafarkin sanda. Sandar itace ce miƙaƙƙiya, tsawonta santimita 128, kaurinta santimita 2.4, ba ƙarfe ba kaifi. Ana danganta asalinta ga Muso Gonnosuke a farkon ƙarni na 17, kuma almara ta ce ya ƙirƙiro ta ne bayan shahararren mai takobi Miyamoto Musashi ya kayar da shi. Masarautar Kuroda ta Fukuoka ta riƙe fasahar ƙarni da ƙarni domin masu kama ɓarayi, har Shimizu Takaji ya kai ta Tokyo ya koyar da 'yan sanda. Har yau akan ga ɗan sandan Japan tsaye a ƙofar caji ofis da sanda a hannu. A 1968 tarayyar ta tsara darussa goma sha biyu da kowane ɗalibi zai bi, a Tokyo yake ko a Landan.

Mutum biyu ke yin darasin, ɗaya da sanda, ɗaya da takobin itace, babu sulke. Kowane ya san abin da ɗan'uwansa zai yi, amma da gaske ake kai bugun, a tsayar da shi saura ƙiris. Abin lura shi ne a al'adar tsofaffin makarantu babba ne ke riƙe takobi, kuma shi ne ake kayarwa a ƙarshen darasi. Malami kan shafe shekaru yana faɗuwa a hannun almajirinsa domin almajirin ya koyi tazara da lokaci. Kafin a fara, ɗalibai ne ke goge daɓen ɗakin da tsumma, manya da yara. Akanta da direban tasi da 'yar sakandare kan jeru sahu guda, matsayin darasi ne ke tsara wurin zama, albashi ba ya shiga ciki. A tsakiyar hunturu kuma akan yi mako ana fitowa da asuba. Matakin ƙarshe na kendo, na takwas, ba a neman sa sai mutum ya kai shekara 46, ya kuma yi shekara goma a mataki na bakwai, kuma kusan mutum ɗaya cikin ɗari ke ci. Tun 2012 wasannin yaƙi na gargajiya suka zama dole a ƙananan sakandaren ƙasar. Takobin gaske kuwa, dokar 1958 ta ce sai da rajista, kuma hukumar ilimi ta lardi ce ke ba da takardar, a matsayin kayan tarihi da fasaha.

Bauchi ba ta rasa ladabin makami ba. Yaron Fulani a dajin Ningi ko Toro da sanda yake tashi, da ita yake kora shanu, ya kashe maciji, ya kare kansa. Sharo, duk da zafinsa, yana da masu tsayawa tsakani, yana da ranar ramuwa, kuma wanda ya motsa ko ya yamutsa fuska shi ya faɗi. Farauta tana da sarkin dawa, tana da hukuncin wanda ya fara harbi da yadda ake rabon nama. Ɗan tauri yana da maigida, akwai abin da aka hana shi ci da inda aka hana shi zare wuƙa. Marigayi Alhaji Ali Kwara na Azare, wanda ya rasu a 2020, daga wannan duniya ta mafarauta ya fito, ya yi suna a farautar 'yan fashi tare da 'yan sanda. Abin da babu shi ne ɗaki, da jadawali, da rajista. Ilimin yana cikin kawunan mutane, a cakuɗe da batun asiri da layu da malamai suka daɗe suna suka, ba a taɓa zama an ware taku da kariya da riƙo an mayar da su darasin da za a koya wa ɗan makaranta da rana tsaka ba.

Ba lallai ne a kwafo Japan ba, kuma akwai abin da ba zai kwafu ba. Sunkuyawar gaisuwa ga malami da ga bangon ɗaki abu ne da iyaye Musulmi da yawa ba za su yarda da shi ba, kayan sulken kendo kuma sun fi ƙarfin aljihun talaka. Misalin Masar ya fi kusa: tahtib, wasan sandar ƙauyukan kudancin ƙasar, ya shiga kundin gadon al'adu na UNESCO a 2016, bayan an yi masa ƙa'idoji da kulob-kulob a birane. Hawan Sallar Kano ma ya shiga kundin a Disambar 2024. A gida kuwa dambe da kokawa da langa sun riga sun samu gurbi a Gasar Wasanni ta Ƙasa.

Tambayar da ta rage ta ofis ce, kuma a Abuja take. Tun da Shugaba Tinubu ya rushe ma'aikatar wasanni a Oktoban 2024 ya miƙa aikinta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko, wasannin gargajiya suna can. Hawa da kayan sarauta suna hannun ma'aikatar al'adu ta Hannatu Musawa. Manhajar motsa jiki tana ma'aikatar ilimi, makami kuma na 'yan sanda ne. Takardar da ta shafi sanda da takobi za ta ratsa tebur huɗu kafin ta isa filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, sannan sai an ji ta bakin fadar Sarki Rilwanu Sulaiman Adamu, wadda sarakunan dawa da na tauri ke amsa kiranta.