Ɗan Tata da Jirgin da Aka Kawo Don Auduga

A shekarar 1929 bankin Turawa mai suna Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, sai wani attajiri ya aiko da tasa ajiyar a kan raƙuma 20, dukkansu ɗauke da sulallan azurfa. Sunansa Alhassan Ɗantata. Har yau in aka ba da wannan labari a majalisa, sai ka ji wani ya girgiza kai ya ce, "Wannan ai rabo ne." Wani kuma ya ce himma ce kawai. Kafin a raba gardamar, ya kamata a ji yadda yaron ya taso.

An haife shi a Bebeji a 1877, a gidan Agalawa, mutanen da aka sani da fataucin goro. Mahaifinsa Abdullahi bafatake ne, ya rasu Alhassan bai kai shekara 10 ba. Mahaifiyarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta yi ƙaura zuwa Akara, ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwar baiwa da ake kira Tata. Ita ta raine shi, kuma sunanta ne ya bi shi. Gidan da ya fi kowane gida suna wajen dukiya a ƙasar Hausa, da sunan baiwa ake kiransa.

Da ya fara tasawa, sai ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja, tafiyar watanni a ƙasa, bayan jakuna, ana biyan fito da kuɗin hanya, ana kwana a zango cikin tsoron 'yan fashi. Ya gangara har Akara wurin mahaifiyarsa. Bai tarar da shimfiɗar ɗan gata ba: wurin malami ta kai shi, ya zauna yana karatu yana neman na kansa. Ya komo Bebeji, sai ga Basasar Kano ta ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Agalawan Bebeji suka bi Sarki Tukur, Tukur kuwa shi aka ci. Aka washe dukiya, aka kama mutane, cikinsu har da Alhassan da 'yan'uwansa, sai da fansa suka kuɓuta. Duk wanda ya gan shi a wannan lokaci, maraya, kamamme, ba jari, da wuya ya ce ga mai sa'a nan.

Ya koma kan sana'ar iyayensa. Abin da ya fara bambanta shi da sauran fatake shi ne hanyar da ya zaɓa. Goro kaya ne mai saurin lalacewa, kullum sai an kwance huhu an yayyafa ruwa an tsince ruɓaɓɓu, kuma kowace rana a hanya hasara ce. Alhassan yana cikin na farko da suka daina dogara ga doguwar hanyar ƙasa, suka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun ƙasar da ake kira Gana a yau zuwa Legas, daga can a hauro da shi arewa. Zaman Akara da ya zame masa wahala yana yaro, shi ya sanar da shi bakin teku da mutanensa.

Daga nan ne abin da ba shi da hannu a ciki ya shigo. Turawan Ingila suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ta iso Kano a 1911, aka fara jigila sosai a 1912. Auduga suke so. Masaƙun Lankasha da ke Ingila na neman ta, har an kafa injin gurzar auduga a Zariya, ana jiran manoman Kano su cika taragu da ita. Sai lissafi ya ƙi fita. Masaƙan gida da marina suna sayen auduga da tsadar da ta fi ta Bature, don haka ba wanda ya yi marmarin kai masa. A daidai wannan lokacin kuma masana'antun Turai suka gano yadda za su daskarar da man tsirrai ya zama abin shafa wa burodi a madadin man shanu, ga kuma masu yin sabulu, sai kuɗin gyaɗa ya tashi. Manomi ya duba ya ga gyaɗa ta fi riba, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabba ce, in kuma shekara ta ɓaci ana iya cin ta. Jirgin da aka kawo don auduga ya koma ɗaukar gyaɗa.

Turawan kamfani ba su san ƙauye ba, ba su jin Hausa, ba su san wanda za a ba kuɗi ya dawo da kaya ba. Fataken goro kuwa sun san duk wannan tun kaka da kakanni. Saboda haka su aka nema. Kamfanin Neja ya tuntuɓi Alhassan a 1918 don ya riƙa saya masa gyaɗa. A nan akwai abin da masu cewa rabo ne kawai suke tsallakewa: ba shi ya fara shiga ba. Attajirai irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo sun riga shi, kuma jirgin nan kowa ya ji kukansa a Kano. Amma zuwa 1922 ana lissafa Alhassan a matsayin wanda ya fi kowane ɗan kasuwa dukiya a birnin.

Yadda ya yi ba ɓoyayye ba ne. Ya ɗauki tsarin fatauci ya ɗora a kan gyaɗa. Yana ba yaransa jari su bazu kasuwannin ƙauye, su kuma su ba manoma kuɗi tun kafin kaka, in an cire gyaɗa a biya da ita. Irin wannan ciniki ba takarda ke riƙe da shi ba, amana ce da sanin halin mutane, kuma wanda ya shekara da shekaru yana aika kaya Gwanja a hannun wani ya riga ya koyi wa ake ba, wa ake hanawa. Bai saki goro ba, ya haɗa da shanu da tufafi da duwatsun ado. Da gyaɗa ta fi ƙarfin taragun jirgi, sai aka riƙa jera buhuna ana ɗora su sama suna jiran lodi. Dalar gyaɗa ke nan, wadda ake danganta farkonta da shi, kuma guda ɗaya takan ci buhu har 15,000.

Su ma masu cewa himma ce kawai akwai abin da za a tuna musu. Alhassan bai shimfiɗa dogo ba, bai san masu harhaɗa mai a Turai ba, ba shi ya sa farashin auduga ya ƙi yi wa Bature daɗi ba. Da an haife shi shekara 30 kafin lokacinsa, a ganina da ya ƙare a matsayin babban madugu, mai jakuna da yawa, wanda jikokinsa kaɗai za su tuna. Kuma an haife shi Ba'agale, cikin dangin da ke da masauki da mai ba da bashi a kowane zango. Manomin da ya noma gyaɗar ya fi shi shan rana, bai tara ko kayan raƙumi ɗaya ba. Hukuncina dai shi ne zamani ya buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa ƙalilan a Kano, shi kuwa ya fi su shirin shiga.

Alhassan ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari a Kano. 'Ya'yansa, cikinsu har da Sanusi da Aminu, suka ci gaba da kasuwancin. 'Yar Sanusi, Hajiya Mariya, ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote.