Laimar Kwaɗi Mai Cinye Rini a Ruwan Masana'antu

Duk wanda ya taɓa bin magudanun ruwa na Sharaɗa, ko Challawa, ko Bompai a birnin Kano, ya san yadda ruwan dagwalon masana'antu kan fito, yau shuɗi, gobe ja. Ruwan nan kuwa Kogin Challawa da Jakara yake gangarawa, inda manoman rani ke ban ruwan latas da alayyaho.

Rinin zamani ba irin babar da ake jiƙawa a marinar Ƙofar Mata ba ne. Tun 1856, lokacin da wani saurayi ɗan Ingila, William Perkin, ya haɗa rini na farko daga sinadarin kwal, masana ke ƙoƙarin yin launin da rana ba ta koɗar da shi, sabulu ba ya fitar da shi. To, wannan nagarta ita ce ta zama masifa, domin in rinin ya shiga kogi ba ya ruɓewa da wuri. Yakan tare hasken rana, tsirran ruwa su mutu, kifi ya rasa iska. Wasu daga cikin rinin da ake kira azo kuma, in sun wargaje, sukan bar sinadarai masu haddasa ciwon daji.

Abin mamaki, magani ya ɓullo daga ruɓaɓɓen kututture. Akwai wasu irin laimar kwaɗi masu cin itace har ya yi fari ya rududduge. A 1983 masana biyu a Amurka, Ming Tien da Kent Kirk, suka gano sinadarin da ɗaya daga cikinsu ke fitarwa don narkar da lignin, wato abin da ke sa itace tauri. Sinadarin nan ba ya zaɓe. Da yake ginin ƙwayar rini ya yi kama da na lignin, sai ya afka masa ya kakkarya shi, launi ya gushe. Ko busasshen jikin laimar ma yakan tsotse rini kamar soso. Ga shi kuma abincinta ba wuya: garin katako, buntun shinkafa, ko karan dawa.

Amma fa da sauran rina a kaba. Aikin yakan ɗauki kwanaki, alhali kuwa masana'anta ba ta daina kwararo ruwa. Laimar ta fi son ruwa mai ɗan tsami, ruwan rini kuwa yakan zo da zafi da gishiri da kaifin kanwa. Haka kuma ba ta iya hallaka kuromiyam, ƙarfen da majemu ke zubarwa. Gushewar launi kuma ba ita ce gushewar guba ba, sai an auna.

Saboda haka har yanzu yawancin aikin yana ɗakunan gwaji. Kafin ya kankama, wajibi ne kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi, domin wanda ke ƙasan kogi shi ke shan abin da na sama ya zubar.