Abin da ya kamata ku sani game da sauye-sauyen da aka yi wa PlayStation 3

Kamfanin Sony na Japan ya fitar da na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 3 a watan Nuwamba na 2006, bai kuma daina ƙera ta a Japan ba sai a 2017. A tsawon waɗannan shekaru sunanta bai sauya ba, faifan wasanta ma haka, amma kayan cikinta sun sha sauyi. Wanda ya sayi ta farko da wanda ya sayi ta ƙarshe duk PS3 gare su, sai dai kama da wane ba ta wane.

Me ya sa ake sake ƙera na'urar da ta riga ta shiga kasuwa?

Babban dalili shi ne kuɗi. An fara sayar da PS3 a Amurka a kan dala 499 da dala 599, gwargwadon girman rumbun ajiyarta, alhali masu nazarin kasuwa sun ƙiyasta cewa ƙera kowace ɗaya yana cin sama da dala 800. Wato duk wadda aka sayar, faɗuwa Sony yake yi, da fatan zai mayar da kuɗinsa a cinikin wasanni. Cikin abubuwan da suka fi cin kuɗin akwai na'urar karanta faifan Blu-ray, wadda sabuwa ce a lokacin, da ƙwaƙwalwar da ake kira Cell, wadda Sony da Toshiba da IBM suka haɗu suka ƙera.

Dalili na biyu shi ne zafi. Da fasahar nanomita 90 aka ƙera ƙwaƙwalwar farko. A 2007 aka sauko zuwa 65, a 2009 kuma zuwa 45. Ma'anar wannan ita ce ƙananan hanyoyin da wuta take bi a cikinta sun ƙara ƙanƙancewa. Idan suka ƙanƙance, shan wuta yana raguwa, zafi ya ragu, sai a samu damar sa ƙaramar fanka da ƙaramin gida, farashi ya sauko. Saurin wasa kuwa ba a taɓa shi, domin dole ne faifan da aka saya a 2006 ya yi aiki a kan na'urar 2016.

Samfura uku

Ta farko ita ce ƙatuwar nan baƙa mai sheƙi, nauyinta kusan kilo 5, tana kuma shan wuta kusan wat 200 idan ana wasa.

A watan Satumba na 2009 aka fito da Slim a kan dala 299. Ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a girma da nauyi da shan wuta, ƙarar fankarta ma ta yi sauƙi. Ita ce ta farfaɗo da kasuwar PS3 bayan Wii ta Nintendo da Xbox 360 ta Microsoft sun sha gabanta.

A Satumban 2012 Super Slim ta biyo baya, nauyinta kilo 2 da ɗoriya, wutar da take sha ba ta kai wat 100 ba. A nan an cire bakin da yake zuƙar faifai da kansa, aka sa murfin da ake turawa da hannu, saboda ya fi arha.

Abin da aka rasa a hanya

Ba kowane sauyi ne ƙari ba. Samfuran farko na Japan da Amurka suna ɗauke da ainihin ƙwaƙwalen PlayStation 2 guda biyu a cikinsu, shi ya sa suke karɓar kusan duk wasanninta. Da na'urar ta isa Turai a watan Maris na 2007, an riga an cire ɗaya, aka bar manhaja tana kwaikwayon aikinta, sai wasu wasannin suka ƙi tafiya daidai. Kafin ƙarshen shekarar aka fito da mai rumbun gigabait 40, wadda ba ta karɓar faifan PS2 ko kaɗan. A ita ce kuma aka rage ramukan USB daga huɗu zuwa biyu, aka cire wurin sa katin ajiya. Faifan PlayStation ta farko ne kawai duk samfuran suka ci gaba da karɓa.

Akwai kuma damar ɗora manhajar Linux, wadda take mayar da na'urar kwamfuta. Masu bincike sun amfana da ita ƙwarai, har rundunar sojin saman Amurka ta haɗa PS3 guda 1,760 ta yi babbar kwamfuta da su a 2010. Slim ta zo babu wannan dama, sannan a watan Afrilu na 2010 Sony ya cire ta daga tsofaffin ma ta hanyar sabunta manhaja, yana mai cewa dalilin tsaro ne. Masu saye suka kai ƙara a Amurka, aka yi shekaru kafin a sasanta.

Wace ce ta fi ƙarko?

Tsofaffin ƙattin sun yi ƙaurin suna da wata cuta: a kunna, fitila ta yi rawaya, ta koma ja tana ƙiftawa, na'urar ta mutu. Masu gyara sun fi danganta hakan da zafi, wanda yake sa haɗin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar hoto ya saki bayan an daɗe ana dumama ana hucewa. Slim da Super Slim ba su cika fama da wannan ba, tun da ba sa ɗaukar zafi kamar ta farko. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ake fama da zafin bazara da ƙurar hunturu, wadda take toshe kafofin iska.

Kafin ku sayi ta hannu

Ku juya bayanta ku karanta lambar samfuri. Wadda ta fara da CECHA ko CECHB ita ce mai cikakken karɓar wasannin PS2. CECHC da CECHE suna karɓar wasu. Daga CECHG zuwa gaba babu. Lambar da ta kama daga CECH-2000 zuwa 3000 da 'yan kai Slim ce, 4000 zuwa sama kuwa Super Slim.

A wurin ne kuma aka rubuta ƙarfin wutar da take ɗauka. Japan tana amfani da bolt 100, Amurka 120, mu kuwa 220 zuwa 240, don haka kada a jona kafin a tabbatar. Sannan ku nemi a sa faifai a yi wasa na ɗan lokaci a gabanku, ku saurari fanka. Idan ta fara gurnani tun ba a je ko'ina ba, cikin yana zafi fiye da kima.

Mai son tsofaffin wasannin PS2 zai nemi ƙatuwar farko, ya kuma shirya wa gyara. Mai gidan wasa da yake kunna na'ura daga safe zuwa dare da janareta ko sola, Slim ko Super Slim ce ta dace da shi.