Kaskon Kwikwiyo: Hukuncinsa da Ladubbansa

Duk wanda ya san cikin birnin Kano, tun daga gindin Dala har zuwa Yakasai, daga Gwale zuwa Ƙofar Wambai, ya san cewa kare ba baƙo ba ne a lungunanta, ko da yake ba a cika yarda masa da zaman tsakar gida ba. Domin mafarauta da 'yan tauri, waɗanda kan fita daji da kiɗa da ayarin karnuka idan an kawar da amfanin gona, da masu gadin rumfunan kasuwa, da masu garken awaki a bayan badala, dukansu ba su da abokin aiki da ya fi shi juriya da riƙon amana. Farauta kuwa tsohuwar sana'a ce a wannan gari, tun da littafin tarihin sarakunan Kano ya siffanta Barbushe, wanda ya fito daga zuriyar Dala, da cewa gawurtaccen maharbi ne mai kashe giwa. Amma duk da wannan daɗewar zama tare, har yanzu akan sami mutum ya karɓo ɗan kwikwiyo, ya ajiye masa abinci a kasko, kwikwiyon ya sunsuna ya juya baya, sa'an nan a tarar da shi yana tsintar abin da ya zube a ƙasa, ko yana zura baki a tukunyar da aka manta ba a rufe ba. Mas'alar ƙarama ce a ido, sai dai wanda ya yi mata nazari zai tarar fiƙihu da tarbiyya da kiwon lafiya duk sun haɗu a cikinta.

Ya kamata a fara da hukunci, domin mutanen birni, musamman waɗanda suka zauna gaban malaman Madabo da makamantansu, ba su kan shiga al'amari sai sun san matsayinsa a shari'a. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ta wannan ƙasa, dukkan mai rai tsarkakke ne, har da yawunsa da guminsa, kuma ba a cire kare daga wannan ƙa'ida ba. Umurnin da ya zo a hadisi na wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sha a cikinta, wanda Malik da kansa ya ruwaito a Muwaɗɗa, malaman mazhabar sun ɗauke shi a matsayin ta'abbudi, wato bin umurni ba don najasa ba. Shehu Halil ya fayyace a Muhtasar cewa wankin mustahabbi ne, ya shafi mazubin ruwa ban da na abinci, kuma ba a sharɗanta niyya ko cuɗawa da ƙasa a cikinsa ba. Shafi'iyya kuwa sun tsananta, suka ce najasa ce mai kauri, wanki bakwai wajibi ne, ɗaya daga ciki da ƙasa. To, mai hankali ya san fita daga saɓanin malamai abin so ne, kuma babu hanyar fita da ta fi sauƙi irin a keɓe wa kare mazubinsa, a hore shi tun yana ƙarami har ya san cewa nan ne rabonsa, ya daina leƙa tulu da randa da akushin mai gida.

Game da ajiye kare kansa, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta Hijira, ya ambata a ƙarshen Risala cewa ba a riƙon kare a gidaje sai don tsaron shuka, ko rakiyar dabbobi, ko farautar neman abinci wadda ba ta wasa ba, bisa ga hadisin da ya yi gargaɗin raguwar lada kullum ga wanda ya ajiye shi ba da ɗayan waɗannan dalilai ba. Masu sharhin littafin sun kawo labarin cewa shi kansa mawallafin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, da aka tuna masa da ra'ayin Malik, sai ya nuna cewa da Malik ya riski wannan zamani da zaki ma zai ajiye. Daga nan ne malamai da yawa suka yi ƙiyasin tsaron gida a kan tsaron gona. Abin da ya biyo baya shi ne, wanda shari'a ta halatta masa riƙon dabba, ta kuma ɗora masa ciyar da ita da shayar da ita, kuma ciyarwar da ake yi da jifan loma daga nesa, yau a samu gobe a rasa, ba ta sauke wannan haƙƙi ba.

Mafi yawan ƙin cin da ake kuka da shi yana samo asali ne daga gaggawar raba kwikwiyo da uwarsa. Karya takan ɗauki ciki kimanin kwana 63, ta haifi 'ya'yanta idanunsu a rufe, ba su buɗewa sai bayan kwana 10 zuwa 14. Haƙoran nono kan fara tsirowa a mako na 3 zuwa na 4, kuma a daidai wannan lokaci ne uwar kan fara gudunsu saboda cizo, su kuma su fara sha'awar abin da take ci. Yaye ba ya kammala sai a mako na 7 ko na 8. Saboda haka wanda ya ɗauko kwikwiyo ɗan mako 3 daga wani kango, don gudun kada wani ya riga shi, ya ɗauko halittar da ba ta san lasa ba sai tsotso, ga kewar ɗumin 'yan'uwanta, ga baƙon wari da baƙuwar murya. Kuma kamar yadda iyayenmu mata ba su kan yaye yaro da tuwo mai tauri sai da kunu da lallashi a ɗakin kaka, haka shi ma ba a fara masa da ƙanzo. Idan larura ta sa an karɓe shi da wuri, sai a dama abinci ruwa-ruwa mai ɗumi, a tsoma yatsa a shafa masa a leɓe, idan ya lasa a riƙa saukar da yatsan sannu a hankali har bakinsa ya kai ga kaskon, a maimaita haka 'yan kwanaki, ana ƙara kaurin abincin gwargwadon ƙarfin haƙoransa.

Shi kansa mazubin yana da sharuɗɗa, kuma sau da yawa laifin nasa ne. Wanda ya yi zurfi yakan tilasta wa kwikwiyo cusa kai har idanunsa su ɓace a ciki, dabba kuwa ba ta sakin jiki ta ci abinci a inda ba ta ganin abin da ke zuwa mata; tasar ƙarfe mara nauyi takan zame a kan daɓe tana ƙara, wani lokaci ma ya ga inuwarsa a gindinta ya firgita; roba takan riƙe wari, kuma yakan tauna gefenta ya haɗiye. Kaskon yumɓu mai faɗin baki, marar zurfi, irin wanda ba a rasa shi wajen masu tukwane a kasuwar Kurmi, ya fi dacewa saboda nauyinsa da rashin ƙararsa, illa dai yana shan maiƙo, don haka sai a riƙa goge shi da soso da toka ko sabulu bayan kowane ci, a ɗauraye sosai, a kife shi a rana. Wanda ya fi son tasa, sai ya ɗora ta a kan tsohon buhu don kada ta motsa. A ajiye na ruwa daban a gefensa, a sabunta ruwan safe da yamma, balle a lokacin bazara da zafin Kano ke ruɓar da abinci kafin azahar ta yi.

Bayan mazubi sai wuri da lokaci. A zaɓi kusurwa guda mai inuwa, nesa da murhu da madafa da wurin alwala, inda kaji da awaki ba za su yi masa wawaso ba, yara kuma ba za su kewaye shi da ihu ba, a dawwama a kan wannan wuri kada a sauya. Ɗan ƙasa da wata 3 yana bukatar ci sau 4 a yini, kaɗan-kaɗan, domin cikinsa ƙarami ne. Daga wata 3 zuwa 6 a mayar sau 3, daga nan sau 2. Mutumin birni ba ya bukatar agogo a wannan, tun da lokutan salla sun riga sun raba masa yininsa: bayan asuba, da azahar, da la'asar, da bayan isha'i. A ajiye kaskon, a kira shi da kira iri ɗaya, a ja da baya, idan an yi kamar minti 15 a ɗauke, ya ci ko bai ci ba, kada kuma a ba shi kome sai lokaci na gaba. Hikimar wannan ita ce abin da masanin nan na ƙasar Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya sami lambar Nobel a 1904 saboda bincikensa a kan narkewar abinci, ya tabbatar da gwaji: cewa kare yakan ɗaure abinci da duk alamar da ta saba zuwa tare da shi, har yawunsa ya zubo da jin alamar kaɗai. Mafarautanmu sun san wannan da tajriba tun ba a rubuta shi ba, shi ya sa kowannensu yake da fito ko kirarin da karensa ya sani.

Babban abin da ke rushe wannan tarbiyya shi ne tausayin da ba a sa shi a muhallinsa ba. Kwikwiyo ya ƙi kaskonsa, sai yaro ya miƙa masa tsokar nama a hannu, ko uwar gida ta jefa masa loma daga bakin murhu, shi kuwa nan take ya fahimci cewa ƙin ci yana jawo abin da ya fi daɗi, kuma ƙafar mai cin abinci ta fi kasko albarka. Wajibi ne mutanen gida su haɗa baki a kan magana ɗaya, cewa duk abin da za a ba shi, kome ƙanƙantarsa, a kaskonsa za a zuba. Wanda ya riga ya saba da hannu, a riƙa ba shi hannun yana bisa kaskon, gobe hannun na cikin kaskon, jibi a zuba a tsaya kusa, har a kai ga zubawa a tafi. Duka da tsawa da danna masa kai cikin abinci haramtacciyar azaba ce, kuma ba ta haifar da kome sai tsoron mazubin. Haka nan a hana yara fizge kaskon yana cikin ci. Maimakon haka, babba ya riƙa wucewa lokaci-lokaci yana ƙara masa ɗan abu mai daɗi, domin ya tashi da sanin cewa hannun da ya kusanci kaskonsa ƙari ya kawo, kada ya girma yana gurnani da cizo a kan abinci.

Abin da za a zuba kuwa, kunun gero ko na dawa, ko tuwo da aka jiƙa da romo marar yaji, yana ƙosarwa amma ba ya gina jiki shi kaɗai, sai an haɗa da dafaffen ƙwai, ko kifi da aka cire wa ƙaya, ko nama da kayan ciki daga mahauta, da sharaɗin a dafa su, domin ɗanyen huhu da hantar tumaki kan ɗauki 'ya'yan wata tsutsa da ke girma a hanjin kare, ta dawo ta cuci mutane. A nisantar da shi daga ragowar miya mai albasa da tafarnuwa, gama suna lalata masa jini. Da goro da cakulan, waɗanda ke bugar da zuciyarsa. Da dafaffen ƙashin kaza, wanda ke tsagewa ya soke hanji. Madarar shanu mai yawa takan sa shi zawo.

Sai dai akwai ƙin ci na tarbiyya, akwai na cuta, kuma rarrabe su farilla ce a kan mai kare. Kwikwiyon da ya ƙi kasko amma yana wasa yana karɓa a hannu, lafiyarsa ƙalau. Wanda ya yini cur bai sa kome a baki ba, ya yi laushi, ko cikinsa ya kumbura da tsutsa, ko dasashinsa ya yi fari saboda kaska, ko yana amai da zawo mai jini, alamar cutar nan ta fabo da ta bayyana a duniya a 1978 take kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki, wannan ba a jira da shi, sai a garzaya asibitin dabbobi. Ana fara maganin tsutsa tun yana mako 2, allurar riga-kafin cututtukan ƙuruciya a mako na 6 zuwa na 8, ta haukan kare kuwa idan ya cika wata 3. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa allurar haukan kare a Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, yara kuma na da kaso mai yawa a ciki. Saboda haka idan kare ya sauya hali farat ɗaya, ya kasa haɗiya, yawu na dalala, kada wanda ya zura hannu a bakinsa da zaton ƙashi ne ya maƙale; wanda kuma aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya nufi asibiti a ranar. A nan ma kasko yana da fa'ida, domin mai ciyarwa a mazubi ɗaya a lokaci ɗaya shi ne yake fara lura ranar da aka bar abinci.

Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Ma'ida, ya halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, malamanmu kuma suka bayyana horarre da cewa shi ne wanda idan an tura shi ya tafi, idan an tsawata masa ya tsaya. Wannan ladabi kuwa ba a daji ake fara koyar da shi ba, a bakin kasko ne, ranar da kwikwiyo ya koyi jiran kira kafin ya ci. Kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Allah ya gafarta wa wani mutum saboda ya ɗebo ruwa da huffinsa daga rijiya ya shayar da kare mai ƙishirwa, aka kuma sanar da sahabbai cewa akwai lada a kyautata wa kowane mai rai. Don haka muna kira ga mafarauta da masu gadi da iyayen yaran da ke kwaso 'yan kwikwiyo a unguwa: wanda ba shi da hujjar riƙon kare, ko ba shi da halin ciyar da shi, ya bar shi wurin uwarsa, wanda kuwa ya riƙe, to ya jira ya cika mako 8, ya keɓe masa kasko da wuri da lokaci, ya kai shi allura, domin amana ce da za a tambaye shi a kanta.