Zaɓen Rumbun Tarayya ga Masu Masaukin Kwamfutocin Kwaikwayo a Gajimare na Keɓe

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi bayanin yadda ake zaɓen wurin ajiye bayanai wanda kwamfutoci da yawa za su yi tarayya a kansa, a cikin tsarin da ake kira gajimare na keɓe. Za mu fara da fayyace ma'anar kalmomin da za mu yi amfani da su, sa'an nan mu kawo ire-iren rumbunan guda uku, daga bisani mu ɗora su a ma'auni. Ra'ayinmu shi ne, abin da ya kamata a fara dubawa wajen zaɓe shi ne halin da rumbu zai shiga ranar da wani sashe nasa ya lalace, da kuma hannun da zai gyara shi. Girma da sauri sai su biyo baya.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kwamfutar kwaikwayo ita ce wadda ba ta da gangar jiki tata. Manhaja ce ke raba ƙarfin babbar kwamfuta guda gida-gida, kowane gida ya yi aiki tamkar kwamfuta mai zaman kanta. Babbar kwamfutar za mu kira ta mai masauki, na kwaikwayon kuwa baƙi. Dabarar daɗaɗɗiya ce, domin kamfanin IBM ya fito da tsarin VM/370 tun cikin 1972, ko da yake sai da manhajoji irin su VMware da KVM suka bayyana ta game duniya. Gajimare na keɓe kuwa shi ne ma'aikata, kamar jami'a ko banki ko asibiti, ta tara masu masauki nata na kanta, ta riƙa sarrafa su da manhaja guda, alal misali OpenStack, wadda hukumar NASA da kamfanin Rackspace suka assasa a 2010.

3.0 Dalilin Tarayya

Kowane baƙo yana da faifansa, watau inda yake ajiye tsarin aikinsa da bayanansa. Idan faifan yana cikin mai masauki, to ranar da mai masaukin ya mutu baƙon ya tsaya ke nan, har sai an gyara. Idan kuwa yana wani wuri da dukan masu masauki ke iya kaiwa gare shi, sai a sami fa'ida biyu. Ta farko, ana iya ta da baƙon a wani masaukin cikin 'yan mintoci. Ta biyu, ana iya ƙaurar da shi yana cikin aiki ba tare da an kwashe faifansa ba, dabarar da VMware ya kawo kasuwa a 2003 da sunan VMotion.

Sai dai akwai abin lura a nan. Haɗarin da a dā yake warwatse cikin masu masauki goma, yanzu an tattara shi wuri guda. Mutuwar mai masauki ɗaya takan tsayar da kashi ɗaya cikin goma na baƙi, mutuwar rumbun tarayya kuwa ta tsayar da su baki ɗaya.

4.0 Ire-iren Rumbuna

4.1 Rumbun fayil. Wannan kwamfuta ce guda mai tarin faifai, wadda ke ba sauran damar karatu da rubutu ta ƙa'idar NFS, wadda kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙiro a 1984. Faifan kowane baƙo fayil ne da ake gani a zahiri, ana iya kwafarsa. Shi ne mafi sauƙin kafawa da fahimta. Illarsa ita ce, in dai ba a yi masa kai biyu ba, ɗaya ya karɓa in ɗaya ya faɗi, to rayuwar gajimaren duka tana rataye da na'ura guda.

4.2 Rumbun tubali. Shi wannan ɗanyen faifai yake miƙa wa masu masauki, ta wayoyin haske na Fibre Channel, ko ta hanyar sadarwa ta yau da kullum da ƙa'idar iSCSI, wadda aka tabbatar a 2004. Nagartattunsa suna da kai biyu, kuma kowane mai masauki yana da hanya biyu zuwa gare su. Amma da yake rumbun bai san abin da ake rubutawa ba, masu masauki biyu suna iya rubutu a wuri ɗaya su ɓata bayanai, sai fa in an ɗora tsarin da zai hana su cin karo, kamar VMFS. Bugu da ƙari, yana da tsada, kuma kayan gyaransa suna hannun kamfanin da ya ƙera shi.

4.3 Rumbu rarrabe. A nan faifan da ke cikin kwamfutoci da yawa ake haɗawa ta manhaja su zama rumbu guda. Fitaccen misali shi ne Ceph, wanda Sage Weil da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya ta Santa Cruz suka gabatar a 2006. Bisa al'ada yakan ajiye kowane bayani kwafi uku a kwamfutoci uku daban-daban, in ɗaya ta mutu ya sake cika kwafin da kansa. Ba shi da kai guda da zai faɗi, amma ba ya ɗaukar rubutu a matsayin kammalalle sai dukan kwafin sun sauka, saboda haka saurinsa ya dogara da hanyar sadarwa. Masana ba su ba da shawarar abin da ya gaza gigabit 10.

5.0 Ma'aunan Zaɓe

5.1 Ranar lalacewa. Bari mu buga misali. A ce muna da kwamfutoci 5, kowace da terabayit 12, jimla 60. Da kwafi uku, abin da za mu mora 20 ne. Idan muna so rumbun ya iya warkar da kansa bayan mutuwar ɗaya, dole mu yi lissafi da huɗu, watau 48, wanda ya ba mu 16. Har ila yau Ceph yakan yi gargaɗi in faifai ya cika kashi 85 cikin ɗari, ya daina karɓar rubutu a kashi 95. Ashe abin da ke hannunmu bai kai terabayit 14 ba. Wanda ya sayi 60 yana zaton 60 zai ci, zai gane kurensa a ranar da ba ta da daɗi. Da kwamfutoci uku kacal kuwa, in ɗaya ta faɗi babu inda za a mai da kwafi na uku.

5.2 Yanayin aiki. Baƙi arba'in da ke aiki lokaci guda suna aika buƙatu ƙanana a warwatse. Faifai mai juyi 7,200 a minti da ƙyar yake biyan irin waɗannan buƙatu ɗari a daƙiƙa, alhali faifan SSD yana biyan dubbai. Don haka yawan buƙatun ya kamata a ƙidaya kafin a ƙidaya terabayit.

5.3 Hannun da zai riƙe. Manhajar Ceph kyauta ce, amma tana bukatar ƙwararren da zai karanta alamunta da tsakar dare. Rumbun tubali yana bukatar yarjejeniyar gyara da ake sabuntawa da kuɗin waje. A wuraren da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, kuma kayan gyara sai an yi odarsu daga ƙetare, kamar yadda muka saba gani a ƙasashenmu, waɗannan abubuwa sun fi farashin saye nauyi. Masu iya magana sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

5.4 Ajiyar ko-ta-kwana. Kwafi uku ba sa kare bayanai daga kuskuren ɗan Adam. Abin da aka share bisa kuskure, ko manhajar masu neman fansa ta kulle, nan take zai auku a kwafin duka. Lalle ne a tanadi wata ajiyar a na'ura daban, a gini daban, a kuma riƙa gwada dawo da ita.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata muna iya cewa, ma'aikatar da ke da masu masauki biyu ko uku da ma'aikata kaɗan, rumbun fayil mai kai biyu ya ishe ta. Wadda aikinta ba ya jure jinkiri, kuma tana da halin biyan yarjejeniyar gyara, ta nemi rumbun tubali. Wadda ke da kwamfutoci biyar zuwa sama, tana sa ran ƙaruwa, kuma tana da ƙwararru aƙalla biyu, rumbu rarrabe ya fi dacewa da ita. Ko wanne aka zaɓa, muna ba da shawarar a cire faifai, a zare waya, a kashe kwamfuta guda da gangan kafin a ɗora masa aikin jama'a, a rubuta abin da ya faru da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo daidai.