Yakuwa a Ƙasar Gishiri

Da an ambaci Keana, gishiri ke faɗo wa mutum a rai. Shekaru aru-aru matan Alago suke tace ƙasar bakin tafki suna dafa ruwanta har ya zama gishiri, fatake kuma suna kwasa zuwa nesa. Amma a wannan yanki na Jihar Nasarawa, ƙasar doya da riɗi da rogo, akwai wata shuka mai jan kara da ba a cika kula ta ba. Tana tsaye a bayan gida ko a gefen kunya, ana tsinkar ganyenta don miya, ba a lissafa ta cikin amfanin gona. Yakuwa ke nan, uwar zoɓo.

Danginta sanannu ne: kuɓewa, auduga da rama. Wanda ya dubi furensu zai ga kamar. Masanin tsirrai Linnaeus ne ya yi mata rajista a 1753 da sunan Hibiscus sabdariffa. Takan kai mita 2 in ta sami wuri, saiwarta na nutsawa ƙasa sosai, shi ya sa take jure fari. Ganyen ƙasa faffaɗa ne, na sama kuwa ya tsage gida uku zuwa biyar.

Abin da ake jiƙawa a sha ba fure ba ne, ko da yake 'yan kasuwa haka suke kiransa. Furen gaskiya ruwan ɗorawa ne mai haske, da jan ido a tsakiya. Da hantsi yake buɗewa, kafin magariba ya yi yaushi, washegari ya faɗi. Sai kwanson da ya riƙe gindinsa ya soma kumbura, ya yi kauri, ya yi ja wur, ya rungume ƙwallon iri a cikinsa. Bayan mako biyu zuwa uku ya isa yanka. Daga nan aiki ya koma hannun mata da yara: a zauna a inuwa ana ɓare soɓorodo daga ƙwallon, ɗaya bayan ɗaya. Ƙwallon na da ƙaiƙayi, yatsu kuma su rine su yi ja. Irin da ke ciki, gurguzu, ba a zubarwa, da shi ake daddawar batso.

Akwai wata ɗabi'a tata da ke ruɗa sabon manomi. Yakuwa ba ta ƙirga kwanakin shuka, tsawon yini take bi. Ba ta fure sai rana ta fara gajarcewa, wajen Satumba zuwa Oktoba. Wanda ya shuka a Afrilu, da saukar ruwan fari a Keana, zai sami dogon kara da ganye tuli, amma furensa zai zo kusan lokaci ɗaya da na wanda ya shuka a Yuli. Mai son ganyen fate da miyar taushe sai ya yi sammako. Mai neman zoɓo kuwa ba ya asara in ya dakata, ya ma rage wa kansa noma ɗaya. Ƙwaya biyu ko uku ake sawa a rami, a jigawa mai tsane ruwa. Fadamar shinkafa ba wurinta ba ce, saiwar ruɓewa take yi. Taki ma a yi shi da hankali, in ya yi yawa ganye ake samu.

To, me ya sa Jihar Jigawa ta yi zarra a wannan noma, alhali ƙasar Keana ta fi albarka? Amsar tana wurin shanya. A kewayen Lafia, babban birnin Nasarawa, ruwan shekara na haura milimita 1,000, kuma damina kan kai ƙarshen Oktoba da raɓa mai nauyi. A Maigatari ta Jigawa ruwan bai fi kusan rabin haka ba, hunturu kuma na isowa daidai lokacin girbi. Zoɓon da ya bushe cikin 'yan kwanaki yana riƙe jansa. Wanda ya daɗe da danshi sai ya yi baƙi, ya yi fumfuna, dillali ya karya masa farashi. Manomin Keana zai iya cike wannan giɓi da shanya a kan gado ko tabarma, ba a ƙasa ba, da kwashewa kafin raɓar yamma.

Kasuwa dai tana nan. Daga Maigatari da Dawanau ta Kano ake ɗaure kaya zuwa Meziko, babbar mai sayen zoɓon Najeriya. Ta taɓa rufe ƙofa saboda ƙwaron rumbu da aka gani a cikin kaya, sai da aka tsaurara feshi da bincike ta sake buɗewa. Likitoci ma sun leƙa kofin: a wani gwaji da Jami'ar Tufts ta Amurka ta wallafa a 2010, mutum 65 suka shiga, kuma waɗanda suka sha kofi uku kullum na mako shida hawan jininsu ya ɗan sauka. Sai dai nasu ba irin na tasha ba ne da ake zabga wa sukari, kuma ba a ce kowa ya ajiye maganin asibiti ba.