Koyar da Harshen Polanci ta Hanyar Ba da Aiki

Harshen mutanen ƙasar Polan yana cikin harsunan da ke ba baƙo wuya, domin kuwa suna a cikinsa yana da yanayi har 7, kuma ƙarshensa kan sāke bisa ga matsayinsa a jimla. Mai nufin zuwa birnin Kraków zai ce "do Krakowa", wanda ke zaune cikinsa kuwa "w Krakowie". Tsohuwar hanyar koyarwa takan sa ɗalibi ya haddace jadawalin waɗannan ɗafa-ƙeya. Sau da yawa yakan ci jarrabawa, amma in ya tsaya gaban mai sayar da tikiti sai baki ya mutu.

Maganin wannan matsala ya samo tushe ne daga Indiya, inda N. S. Prabhu ya fara gwaji a Bangalore cikin 1979, yana koyar da Turanci ta hanyar ba yara aikin da sai da harshen za a gama shi. Cikin 1996 Jane Willis ta kasa darasin kashi uku, watau share fage, da aikin kansa, da nazarin harshe. Iwona Janowska ta Jami'ar Jagiellonian ta ɗora hanyar a kan Polanci cikin littafinta na 2011.

Ga misali, malami ya ba ɗalibai jadawalin jiragen ƙasa, ya ce su shirya tafiyar mutum biyar da kuɗi ƙayyadadde. Nan take za su ci karo da ƙa'idar ƙidaya: tikiti ɗaya "jeden bilet", biyu "dwa bilety", biyar kuwa "pięć biletów". Haka kuma tilas su kira mai sayarwa "pan" ko "pani", gama ladabin ƙasar bai yarda a ce wa baƙo "kai" ba. Bayan sun ba da rahoto, sa'an nan malami ya fito da ƙa'idar, a lokacin da suka riga suka ji ƙishirwarta.

Sai dai akwai haɗari. Idan aka tsallake kashi na uku, kurakurai kan kafu a bakin ɗalibi har su gagari gyara. Ga dubban 'yan Yukiren da suka shiga Polan cikin 2022 suna neman aiki da asibiti, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Saboda haka lalle ne nahawu ya biyo bayan aiki a kowane darasi.